Mastura, Wadda Ta Tsallaka Lujain

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Mastura a gidanmu na Sharafiyya, nan Jidda, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Mastura, kina raye kin hana ni magana. Yau zan yi.

Tun muna 'yan mata kika kamu da son wani shirin talabijin mai dogon zango, labarin wasu mayu mata da ke kare garinsu daga aljanu. Da masu shirin suka datse shi a tsakiya, kika ce ba ki yarda ba. Kika ɗauki alƙalami kika ci gaba da labarin da zane, shafi bayan shafi, maganar kowa a saman kansa. Matan unguwa har rububinsa suke yi, amma mai jego da marar lafiya kike fara aika wa sabon babi.

Lujain, 'yar maƙwabcinmu Ubale, budurwa ce mai tabon ƙuna a kunci, kullum kanta a sunkuye. Kika zana ta a matsayin jarumar labarin, da tabon nata, ba ki ɓoye shi ba. Tun daga nan yarinyar nan ta fara kallon mutane ido da ido.

Sai aka zo babin da aka kama kurwar jarumar ta kwanta ciwo. Bai jima da fita ba zazzaɓi ya kayar da Lujain, wuyanta ya sanƙare. Ubale ya shigo mana da takardun a hannu, ko sallama babu.

"Ke kika kama ta. Ki zo ki tsallaka ta yadda ake sa mayu su yi, ko na kai zanen nan wurin 'yan sanda."

Ubale haihuwar Jidda ne, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk cikin gadon kakanni wannan ya riƙe. Kowa kuma ya san abin da ƙarar sihiri ke jawowa a garin nan, balle a kan irinmu baƙi masu zaman iƙama, wato takardar izinin zama. Na riƙe hannunki na ce kada ki je. Tsallakewa amsa laifi ne. In ta tashi a ce kin sake ta, in ta mutu a ce kin cinye ta.

Kika ce, "Yaya, ya rantse ba zai kai ta asibiti ba sai na tsallaka. Halas, magana ta ƙare."

Ɗakin da Lujain ke kwance cike da mata. Ina kallo kika tsallaka ta, kika juya kika ce da Ubale ya tada mota. Likitoci suka ce sanƙarau ne, saura ƙiris a makara. Lujain ta warke, unguwa kuwa ta ce tsallakewar ce. Daga ranar aka soma dawo mana da kwanon abincinki yadda kika aika shi. Uwa ta hango ki sai ta ja ɗanta bayan abaya. Na yi kuka, na yi zagi, ke kuwa kika ci gaba da zanenki, sai dai ba ki ƙara sa fuskar kowa ba.

Ranar da kika cika, matan da ke wa unguwa wankan gawa duk suka aiko da uzuri. Ina zaune da ke ni kaɗai, lokacin jana'iza na matsowa, ban san yadda zan juya ki ba. Sai ga Lujain. Ubanta na ƙwala mata kira daga bakin ƙofa, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta kira ni inna da Larabci, ta ce, "Khala, kawo ruwan."

Mu biyu muka yi miki wanka, muka sa ki a likkafani.

Allah Ya jiƙan ki, Mastura, Ya yalwata kabarinki, Ya sa jinyarki da abin da aka ɗora miki su zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, da mijinki Sa'ud da bai taɓa gudun ki ba, da Lujain. Kafin ki cika kin ce kin yafe wa Ubale. Allah Ya ba ni irin zuciyarki, domin ni har yau ban iya ba.