Motar Baba Ba Ta Ƙoshi

Duk wanda ya taɓa cin abinci a masaƙar bayan gari ya san Baba Direba. Shi ya ja bas ɗin ma'aikata tun gashin kansa yana baƙi wuluk har ya koma fari fat, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takewa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga wani jan tsumma da ba ya rabuwa da aljihunsa. In kana magana da shi a bakin titi, to ka yi haƙuri da rabin hankalinsa, don ɗaya rabin yana wurin motocin da ke wucewa. Kana cikin ba shi labarin ciwon bayanka zai karkata kai ya ce, "Ka ji waccan? Filoginta ɗaya ya gaji."

Motar kuwa, kai, sai wanda ya gani! Tsohuwa ma'aikata ke ce mata. In ta tashi ta tashi ke nan, za ta kai ka bangon duniya. In ta mutu kuwa, sai an tara ƙarti an tura. Tun yana sabon shiga aiki ta koya masa hankali. Wata safiya ana ruwa ya tsaya jiran wata ma'aikaciya a mararraba, ya ga jiran ya yi tsawo, sai ya kashe injin. Shi ke nan, Tsohuwa ta ce ba ta san zancen ba. Maza da mata suka sauka cikin taɓo suna turi, kafin su isa an rufe ƙofar masaƙa, aka mayar da kowa gida, aikin ranar ya tafi a banza. Ba wanda ya ce masa uffan, kuma shirun nan shi ya fi ci masa rai.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka: mota in ta tashi da safe, ba a kashe ta sai an gama da ita. Da rana in ya dawo gida cin abinci, Tsohuwa na ƙofar gida tana gunaguni har ya ci ya sha ya ɗan kishingiɗa. Mai na kamfani ne, ba mai tambaya. 'Ya'yansa a cikin wannan ƙugi suka yi rarrafe, a cikinsa suka yi aikin makaranta. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, in tana magana da rana ɗaga murya take yi ba tare da ta san tana yi ba.

Da ya yi ritaya sai Baba ya koma mai gadin benci. Ya fito da safe ya zauna, inuwa ta matsa ya ja bencin ya bi ta. Tsumman yana nan a aljihu, ba abin gogewa. Mutumin da ya saba mutane na tsaye a bakin hanya suna jiran fitowarsa, yau ba mai jiransa ko'ina. Ya rame, hira ta ragu, har Mama ta fara tsokanarsa da gangan ko za ta samu ya yi faɗa, amma ina.

Autarsa ce ta kasa jurewa. Ita ke ba da magani a babban asibiti, ga zuciya kusa, ga son uba kamar me. Wata rana sai ga ta a ƙofar gida da mota sabuwa dal, ruwan toka, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ta kamo hannunsa ta danƙa masa makulli.

"Baba, taka ce. Mai kuma ni zan riƙa cika maka tanki, kai dai ka ja abinka."

Ya zagaya motar, ya ciro tsumma ya goge madubin da ko ƙura babu. Sannan ya juya baya wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Wayyo, zo ka ga yadda mutum ke farfaɗowa! Kafin wata ya ƙare Baba ya murmure, har wuyan rigarsa ya fara matse shi. Da safe ya kai Mama asibiti gashin gwiwa. Daga nan ya biya ya ɗauki tsohon mai gadin masaƙa, wanda ido ya fara gagara, ya kai shi duk inda zai je. Ya leƙa wurin mai aski a yi hira, ya tsaya kasuwa ya jira matar maƙwabci ta gama cefane. Ya sake zama mutumin da ake jira. Kuma a duk wuraren nan, ko a ƙofar asibiti ne ko a gaban shagon aski, motar na tsaye tana aiki a hankali, shi ya fita yana can yana hirarsa. Ya dawo gida da rana ya bar ta a ƙofa tana ɗan gurnaninta mai laushi, ya ci abinci ya yi barcinsa. A wurinsa mota a tsaye hutawa take yi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma wallahi har masu wayo yana ɗaurewa.

Sai mai ya fara magana. Auta ta cika tanki, kafin ta waiwaya allura ta kwanta. Ta sake cikawa, haka. Ta hau motar ta nufi kamfanin da ya sayar mata, ta tsaya a tsakiyar ɗakin baje motocinsu mai sheƙi ta wanke su tas.

"Kun ce min tana da tattalin mai! Wannan ai ba mota kuka sayar min ba, rijiya ce!"

Suka buɗe gaba, suka leƙa ƙasa, suka jona na'urarsu, suka ce lafiyarta lau. Ta ce ba ta yarda ba, ta riƙe motar 'yan kwanaki tana zuwa aiki da ita. Allura ta ƙi motsi sai da ƙyar. Ta mayar wa Baba, allura ta ci gaba da gangarawa. To ruwa dai ba ya tsami banza, sai ido ya koma kan direba.

Abin dariyar, Auta na zuwa gidan da rana tsaka. Ta raɓa ta gefen motar tana aiki, har ta dafa ta ta gyara takalmi, ta shiga ciki ta zauna tana mitar mai. Ba ta ji. Mama ma ba ta ji. Kunnen da aka haifa cikin ƙugi ina zai ji wannan 'yar muryar? Mutum ɗaya ne ke tsayawa ya dubi motar, wato mijin Auta. Malamin makaranta ne, siriri mai kunya, ko keke bai iya sosai ba. Duk zuwansa bayan ya durƙusa ya gaida surukinsa sai ya ce, "Baba, fita za ku yi ne?" Baba ya ce, "A'a, ina nan." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, madalla."

Babban ɗan gidan, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, shi ya yanke hukunci ta waya. Auta ta sa wayar a fili don Mama ta ji, ba su san Baba na bakin ƙofar ɗaki yana cire takalmi ba.

"Ke Auta, mu daina ɓoye-ɓoye. Shekaru ne. Ko ƙafarsa ta yi nauyi a totur, ko yana mantawa da canza giya. Yau mai ne, gobe wani zai kaɗe. Ki karɓi makullin. In fita zai yi a samo masa direba."

Baba ya mayar da takalminsa ya fita a hankali. A samo masa direba! Shi, da ya koya wa rabin direbobin garin nan riƙon sitiyari! Ba zafin maganar kaɗai ba, bencin nan ya gani yana jiransa a gindin bango, sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Ya shiga yaƙi da allura. Ya daina kunna na'urar sanyi, Mama na gumi tana tsine wa tattali. Ya ƙara wa tayoyi iska. Ya kwashe duk abin da ke bayan motar har da tabarmar da Mama ke zama a kai a layin asibiti. Ya koma tafiya a hankali har masu keke na wuce shi suna waiwaye. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin motar ko zai ga ɗigon yoyo, ya kwanta rub da ciki yana leƙe, injin na aiki a saman kansa. Takarda ta fito a bushe. Ya zauna a ƙasa ya dubi hannuwansa, a karo na farko ya ce a ransa, ko dai yaron nan gaskiya ya faɗa?

Ranar da Auta ta zo karɓar makulli, tare da mijinta ta zo don ya ƙarfafa mata gwiwa. Mama ta ce ita ba za ta iya kallo ba, ta shige kicin ta ja ƙofa. Suka zauna a falo. Auta ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce hutu ne kawai na ɗan lokaci, ta ce Yaya ne ya matsa. Baba ya ɗaga mata hannu.

"Ya isa, uwata. Ke kika ba ni, ke za ki karɓa. Ba a faɗa da mai abu."

Ya laluba aljihun dama, tsumma. Ya laluba na hagu, babu komai.

"Af, yana jikin motar."

Nan mijin Auta ya yi gyaran murya. Gumi ya keto masa a goshi, ya dubi tabarma ya ce, "Baba, ku gafarce ni, ni ban san mota ba. Amma tun da aka kawo ta, ban taɓa zuwa gidan nan na same ta a kashe ba. Na ɗauka ko haka ake yi wa sabuwa."

Falo ya yi tsit. A cikin shirun nan, ta tagar da ke kallon titi, sai ga ɗan gurnanin yana shigowa. Auta ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Baba! Tun yaushe take aiki?"

"Tun safe mana."

"Jiya fa?"

"Ke, wane irin zance ne wannan? Mota ai ba a kashe ta da rana. In ta ƙi tashi fa, ga mutane na jira?"

Auta ta kama ciki, dariya da hawaye suka haɗe mata. Ta juya kan mijinta. "Kai kuma ka gani ka yi shiru duk watannin nan?" Ya ce, "Ai na tambaya." Ta share ido ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, wannan ba Tsohuwa ba ce. Tashi mu je ka kashe ta da hannunka, ka sake tayarwa. In ta tashi, makulli naka ne, Yaya kuma ni zan ji da shi."

Ya fita ya shiga motar, su biyun suka tsaya a gefe. Ya kama makullin. Ya san sabuwa ce, ya san batirinta sabo ne, amma sani daban, abin da ke ƙirji daban. Ya rufe ido ya murɗa. Injin ya yi shiru. Ya ji kukan tsuntsaye a kan wayar lantarki, ya ji keken telan da ke ƙarshen layi. Ashe haka ƙofar gidansa take da rana.

Sai ƙofar gida ta buɗe da ƙarfi. Mama ce, ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da aka yi a falo ba, mutuwar injin kawai ta ji daga kicin. Ta fito hannunta duk kumfar wanke-wanke, tana ɗingisa gwiwa, tana ɗaure zani tamau a ƙugu. Ba ta dubi kowa ba. Ta zagaya bayan motar ta kafa tafukanta biyu, ta sunkuyar da kai.

"Sa ta a giya biyu, Malam! Ke Auta, tsayuwar me kike yi? Kama nan!"

Baba ya hango ta a madubi. Ashe duk ranar da Tsohuwa ta mutu don kanta a ƙofar nan, lokacin mazan layi duk suna wurin aiki, wannan matar ce ke fitowa ta kira maƙwabta su tura, wani lokacin da goyo a bayanta. Shi yana gaba yana jiran saurin ya kai ya saki kuloci, bai taɓa tsayawa ya dube ta da kyau ba sai yau, da furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwalinta.

Ya murɗa makullin. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Mama ta ɗago tana duban hannuwanta. "Ikon Allah! Ko turawa ban fara ba."

Baba ya sake kashe injin, wannan karon ba tare da rufe ido ba. Ya zare makullin ya jefa a aljihunsa. Ya fito ya zagaya baya, ya ciro jan tsummansa ya kama hannuwan matarsa yana goge musu kumfa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban 'yarsa da surukinsa da duk mai wucewa.

"Kai Malam, meye haka? Yara na kallo!"

"Su kalla," in ji shi. "Kin gama turi, ke da shi har abada. Zo ki zauna a gaba."