Maiwada Mai Haƙar Rijiya da Maginiyar Gafasa

Wanda ya zauna a Gaya a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai, da wuya a ce bai sha ruwan hannun Maiwada ba, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Haƙar rijiya ce sana'arsa, gadonta ya yi wurin ubansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum a kanne kamar wanda rana ta haske, domin rabin rayuwarsa a cikin rami ya yi shi, yana ɗaga kai yana hango sararin sama ya ƙanƙance kamar faifai. Mutumin da ke sauka gaba goma sha biyar cikin ƙasa a kan igiya guda ba ya saurin yarda da kowa, amma Maiwada ya wuce nan. Shi ke tufka igiyarsa, shi ke bin ta da yatsa kowace safiya, kuma ba mai riƙe masa ita sai ƙanensa Kabo, wanda shi ma furfura ta fara fito masa a gemu. Ba ya cin abincin da bai san hannun da ya girka ba. Ko goro aka ba shi, sai ya juya shi sau biyu, ya jefa aljihu.

Ubansa ya bar masa diga da dagi da gargaɗi guda: kada ya yarda kowa ya ɗebi ƙasar rijiyarsa kafin a ga ruwa. Duk mai son ya kore masa ruwa, ko ya rufta masa rami a ka, da ƙasar nan zai yi aiki, kamar yadda ake yi wa mutum asiri da ƙasar sawunsa. Maiwada ya riƙe maganar nan kamar laya. Rijiyoyinsa kuwa duk a Gaya da yammacinta ya haƙa su, a wuraren da in ka wuce jar ƙasa sai ka tarar da marmara, bango ya tsaya da kansa kamar ginin soro. Bai taɓa barin rijiya ba ruwa ba, ba kuma wadda ta taɓa rufta masa.

Shekara guda bayan an mayar da motoci hannun dama, aka yi farin nan da tsofaffi ke labari har yau. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, rijiyoyi suka janye ɗaya bayan ɗaya. A bazarar ne Bubayero, mai unguwar wani ƙauye da ke gabas da Gafasa a ƙasar Ajingi, ya aiko a kira Maiwada. Rijiyarsu guda ce, ta kafe ƙaf. Matan ƙauyen sukan fita da tuluna tun hantsi bai ɗaga ba, su dawo azahar da ruwan da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki. Gida huɗu sun riga sun ɗaure kaya sun yi kudu, sauran kuma sun ce za su jira su ga abin da mutumin Gaya zai yi.

Maiwada ya zagaya ƙauyen kwana biyu, ya zaɓi wuri kusa da wani gawo, ya yi bisimilla ya sara.

A rana ta uku da fara haƙar ne, da ya fito shan iska, Kabo ya ce masa, "Yaya, akwai wata tsohuwa da ke zuwa wurin tarin ƙasar nan kullum da safe."

"Tana me?"

"Takan ɗebi ɗan dunƙule, ta murza, ta tofa masa yawu, ta ɗanɗana. Sai ta ƙulle a bakin zaninta ta tafi."

Maiwada ya tuna da gargaɗin ubansa. Washegari bai sauka da wuri ba, ya laɓe bayan gawo. Sai ga ta, doguwa, busasshiya, hannuwanta fari fat da busasshen yumɓu har gwiwar hannu. Ta tsuguna ta yi duk yadda Kabo ya faɗa. Da ta hango shi ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan." Bai amsa ba. Ta ɗan jira, ta ƙulle ƙasarta, ta kama hanya.

Ya bincika a hankali, kamar ba da gangan ba. Sunanta Gaji, maginiyar tukwane ce, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen ƙauye inda take gasa kayanta. Ba ta da ɗa. Mijinta ƙasa ce ta danne shi shekaru da yawa da suka wuce, ita kaɗai ce a wurin kuma lokacin da abin ya faru. Masu ba shi labarin sukan tsaya a nan, su kau da kai.

"In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi," in ji Maiwada.

Kabo ya yi dariya. "Yaya, in ma mayya ce, ai da sauƙi, tunda ƙasa take ci ba mutane ba."

"Kai dai riƙe igiya, ka rufe bakinka."

Daga ranar ya shiga tsaro. Ya kewaye tarin ƙasar da ƙaya, ya binne laya a bakin ramin, in zai tashi ya share sawunsa da reshen geza. Gaji ba ta fasa zuwa ba, sai dai yanzu takan zura sanda ta cikin ƙayar ta jawo abin da take so. Wata rana ta kawo musu fura a sabuwar ƙwarya. Maiwada ya sa Kabo ya zubar a gindin gawo, Kabo yana zubarwa yana haɗiyar yawu. Sannan kuma ga hayaƙi. Kwana bayan kwana baƙin hayaƙi na tashi daga gidanta, alhali a shekarar nan ba mai sayen tukunya, tunda ba abin dafawa. Me take gasawa?

A gaba ta tara ƙasa ta sauya. Jar ta ƙare, aka shiga baƙin yumɓu mai santsi, mai sanyi a tafin hannu, da wasu ƙananan ƙyalli a cikinsa kamar an barbaɗa gishiri. Maiwada ya shinshina, ya ji ƙanshin damina. Ya fito yana murmushi, abin da Kabo kan gani sau ɗaya a shekara, ya ce wa mutanen da suka taru, "Gobe in Allah ya yarda zan fasa yumɓun nan, za ku ga ruwa." Mata suka rangaɗa guɗa da busassun maƙogwaro.

Gaji na gefe da dunƙulen baƙin yumɓun a hannunta. Ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ɗan nan, in ka fasa shi gobe, ba za ka fito ba."

Maiwada ya kalle ta, ya kalli hannunta, sai ya wuce kai tsaye zauren mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ko dai a raba matar nan da ƙasar da ta kwasa, ko in naɗe igiyata in koma Gaya. A gaban jama'a ta yi mini baki."

Bubayero ya daɗe yana shafa gemu. Yana tsoron mahaƙin ya tafi, yana kuma jin nauyin tsohuwar da ta gina randar gidan uwarsa. Ya ce, "To mu je mu gani da idonmu."

Suka tarar da ita a tsakar gida kamar tana jiransu. A kan katangarta ga dunƙule-dunƙulen ƙasa a jere, daga ja mai haske zuwa baƙi, kowanne a matsayinsa, yadda suka fito daga ramin. Maiwada ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Rijiyarsa ce a kwance a kan katanga.

"Iya," in ji mai unguwa, "baƙonmu ya ce kin yi masa baki."

"Bakin da ba haƙora me zai yi wa ƙato? Ku zauna."

Ta jawo wata tsohuwar kwatarniya, ta zuba farin rairayi a gindinta, ta tsiyaya masa ɗan ruwan da ya rage a tulunta har ya jiƙe sharkaf. Ta shimfiɗa baƙin yumɓu a kai mai kauri, ta daddanna. Sannan ta huda tsakiya da yatsa, ta fara yakuto rairayin ta cikin hudar. Duk wanda ta yakuto, sai wani ya malalo daga gefe ya cike gurbin. Ta yi ta yi. Can sai yumɓun ya tsage ba ƙara, ya zauna, ya haɗiye hudar.

"Kai ne wannan a ciki," in ji ta. "Ƙasarmu ba irin taku ta Gaya ba ce. In baƙin yumɓu ya fara ƙyalli, ya yi ɗanɗanon kanwa, saura kamu guda ka tarar da rairayi mai gudu. Ruwan yana nan, ba ƙarya ka yi musu ba. Amma rairayin zai zare daga ƙarƙashin bangonka kana tsaye. Haka ya yi wa maigidana a ramin yumɓu. Ni ce a sama da kwando. Ban ji komai ba, sai na ga igiya ta yi sako-sako."

Maiwada ya dubi kwatarniyar. Zuciyarsa na ta neman inda ƙullin yake. Mai asiri ma ai yakan iya wasa da kwatarniya. Ya ce, "In gaskiya ne, me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ka amsa gaisuwata? Kuma da ban ga baƙin yumɓun da idona ba, me zan ce? Ni ba boka ba ce."

Kabo ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"To hayaƙin fa?" in ji Maiwada.

Ta kai su bayan ɗaki, ta yaye tsohuwar tabarma. Ga wasu manyan zobba na gasasshen yumɓu, kamar randunan da aka yanke wa baki da gindi, kowanne mutum zai iya tsugunawa a ciki. Guda biyar, biyu sun fashe a wuta. "Ka zura su ɗaya kan ɗaya," in ji ta, "ka haƙa daga ciki. Nauyinsu zai riƙa saukar da su, su tare maka rairayin. Ina bukatar kwana goma in ƙara shida. Ban taɓa yi wa rijiya ba, kada in ruɗe ka. Amma abin da ya riƙe ruwa a ciki zai riƙe ƙasa a waje."

Kwana goma a shekarar nan ba wasa ba ne. Da aka sanar, wani magidanci ya ce, "Yanzu saboda maganar mai tukwane za mu ƙara kwana goma da ƙishirwa?" Gida guda ya tashi kafin a cika kwana uku. Maiwada kansa bai yarda ba tukuna. Da safe ya ɗaure igiya a ƙugu, ya ce wa Kabo kada ya sassauta ko taƙi guda, ya sauka da dogon dagi. Ya jingina da bango, ya soka a tsakiya, ya soka, ya ƙara sokawa. Sai dagin ya zurma kamar an ja shi daga ƙasa. Da ya zaro, farin rairayi da ruwa suka bulbulo ta hudar, suna tahowa ba tsayawa. Ya ɗora kunne a bango, ya ji wani abu kamar numfashin mai barci. Ya toshe hudar da yumɓu, ya taka, ya girgiza igiya.

Kabo ya jawo shi ya fito. Ya kwashe ƙayar da ya kewaye tarin ƙasarsa da ita, ya ɗora a ka, ya kai gidan Gaji ya sauke kusa da wurin gashinta. "Ga makamashi," in ji shi.

Duk zoben da ta fitar daga wuta sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya zagaya yana saurare. Ya ƙi guda biyu, ya ce suna da tsagar da ido ba ya gani. Gaji ta ƙwanƙwasa su ita ma, ta ce, "Ɗaya ka yi gaskiya. Ɗayan kuwa halinka ne kawai." Amma ta sake yin duka biyun.

Ran sha ɗaya aka fara zurawa. Kwana huɗu Maiwada ya yi a tsugune cikin zobban, yana kwasar rairayi da ƙwarya, suna sauka da shi a hankali suna ƙara kamar dutsen niƙa. A rana ta huɗu ruwa ya kai masa ƙirji, fari tas, mai sanyi har cikin haƙori. Bango bai motsa ba.

Gugan farko shi ya ɗauka da kansa ya kai mata. Ta sha, ta wanke fuska, sannan ta dama fura da sauran, ta miƙa masa ƙwaryar. Jama'a na kallo. Ya karɓa, ya juya ludayin sau biyu yana leƙawa, sannan ya sha.

Maiwada ya ƙara shekara shida yana haƙa kafin gwiwa ta hana shi sauka. Yawancin rijiyoyinsa na ƙarshe a ƙasar Ajingi suke. Duk garin da ya sauka, kafin ya sara ƙasa sai ya tambaya wa ke ginin tukwane a nan, kuma shi da kansa yakan ƙulle dunƙulen kowace gaba a tsumma ya kai mata. Wasu sukan ba shi amsa, wasu su ɗauka ya taɓu. Igiya kuwa har ranar da ya rataye ta, ba wanda ya taɓa riƙe masa sai Kabo.