Wayar da na warware

A shekarar da soja suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula, ina aiki a wani buro, wato ofishin gwamnati, a garinmu, kusa da Cadawa. Aikina rubuta sanarwa da ajami saboda manoman da ba su shiga lakol, makarantar boko, ba. Ana shirin zaɓe sai aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, guda biyu, tare da wani ma'aikaci mutumin Gidan Rumji mai lura da su. Shi ya ja wata shuɗiyar waya ta bayan gini, ya haɗa injinan don su riƙa miƙa wa juna sunayen masu ƙuri'a.

Ni kuwa na ɓoye buhun gujiya a lungun da wayar ta bi, abin da aka hana. Kusu ya zo cin gujiya, ya haɗa da waya.

Da safe na ga ɓarnar. Ma'aikacin ya tafi Maradi kwana biyu, na ce bari in gyara kafin ya komo. Na feɗe wayar, na iske siraran wayoyi takwas a murɗe biyu-biyu, an naɗe su da wata farar takarda mai ƙyalli. Ni mutum ne da aka hora da miƙe layi a kan allo, murɗaɗɗen abu ba ya yi mini kyau. Na yar da takardar, na warware su wajen kamu uku, na ƙulla kowace da 'yar'uwarta, na rufe da ƙyalle. Injinan suka ci gaba da aiki, ko da yake da nawa. Na yi hamdala.

Bayan katangar buron majalisar dattawa take, inda suke sauraron labaran duniya a rediyo. Tun daga ranar, da an kunna injinan sai rediyon ta kama shuu kamar ana suya. Mai rediyon, wani tsohon dillalin shanu, ya tare ma'aikacin a ƙofa bayan ya komo.

«Kai Bagobiri, wace jam'iyya ta aiko ka ka toshe mana kunne?»

«Baba, wallahi ni ko ƙuri'ata ban san wanda zan ba ba.»

«To injinka ya sani!»

Aka yi dariya, amma maganar ba ta tsaya a wasa ba. Kafin Juma'a har a kasuwa ana cewa baƙon nan kayan maguɗi ya kawo. Ina zaune a majalisar ina ji, ina ta jan tasbaha.

Rannan da hantsi ma'aikacin ya ari ƙaramar rediyo, ya riƙa bin wayar da ita taki-taki, ƙarar tana ƙaruwa, har ya zo kan ƙyallena. Ya kwance, ya daɗe yana kallo. Ni kaɗai ke tsaye a bayansa.

«Malam,» ya ce a hankali, «murɗin nan ba ado ba ne. Shi ke sa abin da ke gudu a ciki ya zauna a ciki. In an warware, waya ta zama eriya, tana watsa hayaniya ga kowa.»

Ya dubi ɓawon gujiya a ƙasa, ya dube ni. Ya sake waya sabuwa, rediyo ta washe.

Washewar ce ta ƙarasa shi. Dattawa suka ce ashe da gangan yake yi, ga shi da aka matsa masa ya daina. Suka kai ƙara, aka mayar da shi wani wuri don a zauna lafiya. Ranar tafiyarsa ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu abin da ya fito shi ne Allah ya kiyaye hanya.

Sai bayan zaɓe na faɗa wa majalisa gaskiya. Tsohon dillalin ya ce, «Allah sarki, yaron kirki.» Ya juya ya ci gaba da neman tasha a rediyonsa. Na tambayi inda aka kai ma'aikacin, a buro aka ce wajen Gangara, a Gangara aka ce ya bar aikin.