Kiran Suna a Gindin Dutse

Ranar Laraba ce. Bayan asuba na ɗauki tsintsiya na nufi dutsen soji, ginshiƙin siminti da ke bakin garinmu, gabas da Bangi. An kafa shi don 'yan rukuninmu, sojan ƙasa, da suka faɗi a wurin zamanin tawaye. Sunaye tara ne a jikinsa. Ni kaɗai na rage.

Kullum in na share, sai in ƙame in kira sunayen, in amsa musu da kaina: "Yana nan!" Ƙarfe bakwai matata Hajo ta kawo hura, tana tsiyarta ta kullum, tana kirana da muƙamina na soja: "Kafaran, kana kiran matattu, mai rai na tsaye da ƙwarya!" Na kore ta da dariya. Ta koma gida.

Da ma mun yi magana, ni da ita: in ta ɓaci, a haɗu a gindin dutse.

Takwas saura na ji babura ta kudu. Da yawa. Sai harbi. Awaki suka watse. Wani ya yi ihu: "Ku kwanta!" Hayaƙi ya tashi a rumbuna. Na laɓe bayan dutsen. Harsashi biyu suka same shi, ɓarɓashin siminti ya zubo mini a ka.

Mutane suka yi ta wucewa a guje. Na duba kowace fuska. Maƙwabcina Illa ya fizgi hannuna: "Tashi mu tahi!" Na ƙwace. Tara ta yi. Goma ta yi. Ƙuda suka cika hurar. Wallahi ban ji tsoro haka a bakin daga ba.

Da azahar Illa ya dawo da amalanke, shi da wasu suka ɗora ni da ƙarfi. Muka bi cikin gero har Madawa. Kwana uku ina zagaya tasha ina tambayar Hajo.

Ran na huɗu aka gaya mini. An same ta a bayan masallaci, a kan hanyar dutse. Taki ɗari ya rage mata.

Bayan girbi na koma. Garin ba kowa. Ƙwaryar na nan. Na share, na ƙame, na kira tara, na amsa tara. Sannan na ce, "Hajo."

Wannan na kasa amsawa.