Fitila a Kife

Har gobe ba na mantawa da wata ranar Laraba a shagon Malam Bala da ke kasuwar Wunti. Shekarata tara ke nan ina yi masa aiki a matsayin mai yanka. Ga wanda bai san aikin ba: teloli suna kan keken ɗinki, amma mutum ɗaya ne ke riƙe da almakashi. In tela ya yi kuskure a farke, in mai yanka ya yi, sai dai haƙuri.

Madam Saratu, shugabar zumuntar mata ta wani coci, ta kawo mana turmi uku da rabi na atamfar anko, a ɗinka riguna goma sha huɗu kafin Lahadi. Atamfar musamman aka buga musu, da hoton fitila a jiki, ko ka zagaye kasuwa ba za ka samu irinta ba. Na auna, lissafi ya fita daidai. Kafin in sa almakashi sai ga ta ta dawo a keke napep tana haki.

"Malam Isiyaku, ka yanka?"

Na ce tukuna.

"Mun gode Allah! An sallami Mama Lami daga asibiti. Ita ce babbarmu, ita ta tara mu tun farko. Ba mu sa ta a lissafi ba, don wallahi mun fid da rai. Yanzu ta ce ko da sanda sai ta zo. Ta shigo ta ga kowa da anko ban da ita? Ina zan sa fuskata?"

Malam Bala ya ce, "Madam, yadi ba roba ba ne." Ni kuwa da taurin kaina na ce a ba ni zuwa la'asar.

Na samo takardar buhun siminti, na yanka siffar gaba da baya da hannu na kowace riga, na shimfiɗa atamfar a tebur na shiga jerawa. Dabararmu ita ce kai da ƙafa. Hannun riga yana da faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, to in ka juya ɗaya ya kwanta kusa da ɗan'uwansa, ratar da ke tsakani ta tafi. Haka na yi ta juyawa har riga ta goma sha biyar ta shige. Na zana da alli, kaina ya kumbura, har ina cewa Malam Bala ya zo ya ga aikin manya.

Na ɗaga almakashi ke nan, Madam Saratu da ke zaune tana ɓare gyaɗa ta leƙo.

"Tsaya! Wannan fitilar ai a kife take."

Na duba. Innalillahi! Duk inda na juya takarda, harshen wutar ƙasa zai kalla a jikin mai riga. Ni awo kawai nake gani, ban ga zanen ba.

Ta ce, "Fitila a kife ai mai ya tsiyaye. Haka za mu shiga coci?"

Da ta yi jinkirin ƙiftawar ido, da rabin matan nan sun rasa abin sawa, ba Mama Lami kaɗai ba. Malam Bala ya ce, "To, aikin manya, sai yaya?" Kunya ta ishe ni.

Na goge allin na sake daga farko, kowace fitila tana kallon sama. Shafin wuya, wanda ba a gani, na fitar da shi daga guntayen da ake ƙwaƙulewa a wuyan. Na matse tsakani har yatsa ba ya shiga. Komai ya fita, sai baya guda ɗaya da dole a haɗa shi da ƙyalle biyu. Na faɗa wa Madam gaskiya, na ce rigar Mama Lami za ta zo da ɗinki a gadon baya.

Ta ce, "A'a. Ka yanka tata cikakkiya. Mai haɗin ka yi ta a awona."

Na bi zanen har rabin fitila ya haɗu da rabinsa, sannan na yanka. Da almakashi ya kai ƙarshen yadin na zauna a benci, na sha ruwa kofi biyu. Abin da ya rage bai cika tafin hannuna ba.

Ran Lahadi da rana keke ya tsaya a ƙofar shago. Mama Lami ce a ciki da sandarta, ta sa a kawo ta ta ga wanda ya yanka. Ta ce, "Ɗana, an ce yadi ya ishe mu har da saura. Ashe dama sun san zan tashi!" Madam Saratu tana bayanta tana yi mini alama da ido. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Mama."

Shi ya sa nake damunku, ku masu koyon yanka, da cewa alli kafin almakashi, kuma in mai kaya ya yi magana ku saurara, ko bai san tsawon yadi ba. Ku kuna kallon tebur, shi yana kallon ranar da za a sa rigar.