Baba Garba da katin dattawa

Ku da kuka zauna unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda muka je karatu, wa zai manta Baba Garba da koren katin nan rataye a wuya? Har masallaci da shi yake zuwa! Dattijon da sai da ya yi ritaya ya zo digirin digirgir, wani asibitin kuɗi ya sa shi a ƙungiyar tsofaffi ya ba shi katin: awon jini kyauta, shayi kyauta, kuma duk wata ya kawo mutum ɗaya a duba shi.

Muka ce, "Baba, tarko ne fa, so suke ka saba da su."

Ya ce, "Na sani mana. Ai su ma za su saba da ni."

Sun kuwa saba. Wata ma'aikaciyarsu ta yi ta kira, wai ya sayi babban gwajin zuciya, an yi ragi. Ya ce, "Yarinya, kyauta boleh, wato ina so. Ragi kuwa, gaishe shi."

Da korona ta zo aka mayar da taron tsofaffin ta bidiyo a waya, Baba ya ɗaga hannu. Likita ya zaci tambaya ce. Ya ce, "Shayin fa? A yi mini tapau, a ƙunso."

Ni kuwa wata uku ina fama da ciwon kai ina ɓoyewa, tsoro nake a ce korona ce a killace ni, ga iyalina ba su da kowa sai ni. Baba ya lura. Ran nan ya ƙwanƙwasa ƙofa, takunkumi har biyu a fuska.

"Sani, sa takalmi. Kai ne na wannan watan."

"Baba, lafiyata ƙalau."

"Wa ya tambaye ka? Gurbina ne ba zai tafi a banza ba!"

Da muka isa asibitin, nas ta auna ni, ta sake aunawa, ta ruga kiran likita. Hawan jini ne, wai saura ƙiris in faɗi. Baba ya dube su ya ce, "To, ga ciniki na kawo muku, a ƙaro shayi."

Bayan wata biyar korona ta ɗauke shi. Ba a bar mu mun yi masa wanka ba, daga nesa muka sallace shi, abin yana ci mini rai har yau. Yarana suna da uba saboda taurin kan tsohon nan. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa, Ya duba shi yadda ya dube ni.