Ɗakin da ke saman shagon harami

Shekarun baya, wata Talata da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ina ɗakin karatu na jami'a, likitan yayana ya kira ni. Wata huɗu ke nan yayana yana asibiti ana raba shi da shan ƙwaya. Likitan ya ce nan da kwana goma za a sallame shi, gidan da ake ajiye masu murmurewa kuma ya cika.

"Kada ya koma unguwarku," in ji shi. "Abokansa na can suna jiransa."

A unguwar Uhudu muke, a ƙasa mai tsarki, mahaifinmu ya rasu, mahaifiyata ga ciwon ƙafa. Neman ɗaki ya faɗo kaina, ni da ko mai shayi ba na iya kallo a ido. Na zauna na rubuta jawabina a takarda, na haddace shi kamar zan shiga jarrabawa.

A unguwar Al-Azizya na fara. Gidajen iyali ba sa ba gwauro ɗaki, gidajen gwauraye kuwa irin abin da muke gudu ne. Inda aka fara saurarona, da na kai layi na uku, wato maganar asibiti, sai in ji, "Wallahi mafi, babu, jiya aka kama." Gida goma sha ɗaya na soke a littafina.

"Ke ma dai!" in ji mahaifiyata. "Dole sai kin faɗa musu? Waye ya tambaye ki?"

"Umma, in ba su sani ba, wa zai lura ranar da ya fara zamewa?"

Saura kwana biyu wata ƙawata ta tura ni Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami, wurin wani tsoho mai sayar musu da shi, jikan Kanawan da suka zo hajji suka zauna. Ta ce yana da ɗaki a saman shago, kuma duk wanda ya zauna a ciki tare suke cin abinci, tare suke zuwa masallaci.

Na same shi yana ninke fararen zannuwa, motocin alhazai sai shiga da fita suke. Haddar ta gudu. Na ciro takarda ina karantawa.

Yau yayana na da shagonsa kusa da na tsohon, da 'ya mai sunana. Ya taɓa zamewa sau ɗaya, kuma tsohon ne ya fara ganewa, don ya san abin da yake dubawa. Takardar tana nan cikin ƙamus ɗina, in na gan ta nakan yi wa kaina dariya.

Ran nan a shagon, da na karanta layi na uku sai na ɗago kai, na ce, "Baba, ka ji abin da na ce kuwa?"

Bai daina ninki ba.

"Na ji, ya binti, 'yata. Shekara talatin mutane ke tuɓe kayansu a nan su ɗaura fari, ban taɓa tambayar kowa abin da ya tuɓe ba. Ki kawo shi bayan la'asar."